Inna, Na Ci Abinci a Gaban Mutane

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Saude, a makwancinta na gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna. Gaisuwa ce irin wadda kika koya mini, da durƙuso da sunkuyar da kai, daga 'yarki Rabi da ke unguwar Cheras a birnin Kuala Lumpur. Ina roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Mu nan lafiya ƙalau, sai ruwan sama da ba ya gajiya. Surukinki Malam yana nan yana fama da ɗalibansa a Bukit Jalil.

Shekara shida ke nan da rasuwarki ban taɓa rubuta miki komai ba. Yau na ɗauki alƙalami ne don na yi abin da kika hana, kuma na fi so ki ji daga bakina. Na san ba ke za ki fara karantawa ba, matan rukuninmu na waya ne, waɗanda mako uku ke nan suna juya sunana kamar waina a tanda. To su matso su karanta da kyau, ban rage murya don kowa ba.

Inna, na ci abinci a gaban mutane. A birnin Stockholm na ƙasar Sweden, a teburin da ke jikin taga, masu wucewa suna gani. Na tauna, na haɗiye, na ƙara. Ban kuma yi nadama ba.

Ba sai na tuna miki dokarki ba. Ina 'yar shekara bakwai na taho daga islamiyya ina shan rake a hanya, kika hango ni daga zaure. Ba ki dake ni ba. Karɓar raken kika yi kika jefa wa akuya, kika ce, "Bakin mace ba ya motsi a titi." Daga ranar ban sake ba. Da dokar na girma, da ita na yi aure, da ita na hau jirgi na biyo Malam ƙasar nan.

Sai Allah ya kawo ni ƙasar da ba su da zance sai na abinci. Gaisuwarsu ma ita ce, ka ci ko ba ka ci ba. A ƙasan benenmu akwai mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, tebura har bakin titi. Hajiyoyin Malay da hijabansu suke zama a wurin, su nannaɗe hannun riga su ci shinkafa da hannu suna shewa. Ni kuwa shekara goma sha biyar kalma ɗaya nake faɗa a wurin, tapau, ma'ana a ƙunshe mini in tafi da shi. Har mai wurin ya raɗa mini suna Madam Tapau. Yana hango ni zai fara zaro leda.

Kin tuna Mami, mai sunanki, da kike cewa kishiyarki a wurin Baba? Tana 'yar tara muka zo da ita. Duk ƙaratowar Sallah sai mu tafi Jalan Tuanku Abdul Rahman sayen yadi, mu wuni muna shiga kanti muna fita, ƙamshin gasasshiyar kaza yana bin mu. Yarinya ta ja mini mayafi ta ce yunwa take ji, in ce ta daure mu je gida. Ta daure. A makaranta ma da kwanonta take dawowa yadda na zuba mata, sai ta shiga ɗaki ta cinye. Ni kuma ina ta yi wa ƙawaye alfahari, ina cewa Mami akwai kunya, kakarta sak.

Bara ta samu gurbin karatun digiri na biyu a Stockholm, kan injiniyancin ruwa. Muka yi murna, muka yi walima. Wata takwas da tafiyarta ta kira ni ta ce za ta ajiye karatun ta dawo. Na ce sanyi ne? Ta ce a'a. Karatun ne ya yi wuya? A'a, sakamakonta ma ya fi na kowa. Wani ne ya taɓa ta? Babu. Kuka kawai take yi, ta ce ta gaji. Malam jarrabawar ɗalibai ta riƙe shi, sai na shirya ni kaɗai. Na gaya wa matan rukuni yawon buɗe ido zan je na kwana biyar. Gaskiyar magana na tafi ne ko in gano abin da ke cin 'yata, ko in haɗo mata kayanta.

Na yi guzuri irin namu. Kwana uku ina fama da dambun nama, na sayi kilishi wurin wani ɗan kasuwarmu, na daka yaji mai ƙarago. A filin jirginsu aka tambaye ni ko ina ɗauke da abinci, na buɗe jaka da ƙwarin gwiwata. Ashe doka ta hana shiga da nama. Cikin ladabi suka ɗauke dambun da kilishin, ina ji ina gani. Yajin kaɗai suka bar mini. Na fito ina ƙunƙuni, ban san Allah taimakona ya yi ba.

Da na ga Mami sai na tarar ta rame. Abayar da na ɗinka mata cif a jiki ta zama kamar ta aro. Na riƙe hannunta, yatsuna biyu suka zagaye shi.

A masaukin ɗalibai take, dogon baranda mai ɗakuna jere, da madafi guda na kowa da kowa, da babban tebur a tsakiya. Da yamma sai 'yan barandar su taru, kowa ya dafa nasa, su ci tare ana hira. Mami kuwa da sassafe take lallaɓawa ta yi girki kafin kowa ya tashi, ta shige da tukunya ɗaki ta murza makulli. Abin da za ta ci ke nan har dare, a sandare. In ta fito ta ji motsin mutum a madafin, sai ta koma ta kwanta da yunwarta.

A makarantarsu kuma akwai wata al'ada da suke ce wa fika. Lokaci na yi kowa zai ajiye aiki, malami da ɗalibi, a zauna a sha gahawa da burodi mai kirfa. A nan ake sanin juna, a nan ake zaɓar abokan aikin bincike. Ran Juma'a da yamma kuma su fita cin abinci a gari. Mami ba ta taɓa zama ko sau ɗaya ba. An gayyace ta har an gaji, aka ɗauka ƙyamarsu take yi. Wata yarinya kaɗai, Elin, ba ta gaji ba. Har gidajen abinci take zuwa ta tambayo mata ko akwai kifi, ko da man da aka soya alade ake soya shi, ta dawo ta ce ta samo wuri mai kyau. Mami ta ce ta ƙoshi. Wata takwas, Inna, 'yata ba ta da wanda za ta kira ƙawa a ƙasar.

Na rufe ta da faɗa, na ce wannan wane irin sakarci ne, ilimi aka turo ta nema ko zaman kulle? Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Umma, I can't. In ana kallona maƙogwarona rufewa yake yi. Ke ma ai ban taɓa ganin kin ci a waje ba." Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Duk da haka ban gama ganewa ba. Na ce tunda na zo, ta zaga da ni gari ko zuciyarta ta yi sanyi. Garin kuwa akwai kyau, ba zan ɓoye miki ba. Tsibirai ne ruwa ya ratsa su, ana shiga jirgin ruwa kamar yadda muke shiga bas. Tsohon garinsu lunguna ne matsattsu da aka shimfiɗa wa duwatsu, wani lungun in kin miƙa hannu biyu sai ki taɓa bango da bango, kamar dai bayan gidan Kawu a cikin birni. Ta kai ni gidan tarihi inda suka ajiye wani ƙaton jirgin katako da ya nitse ranar da aka fara tura shi ruwa, suka tono shi bayan ɗaruruwan shekaru suka gina masa ɗaki. Na ce mutanen nan ko abin kunyarsu ba sa ɓoyewa. Tashoshin jirgin ƙasansu a cikin dutse aka fafe su, aka yi musu zane kala-kala. Rana kuma ba ta son faɗuwa a watan da na je, sai da agogo muke gane lokacin sallah.

Rana ta uku yunwa ta kama mu a bakin ruwa, ga shi babu dambu a jaka. Akwai wata 'yar rumfa da ake soya kifi ana haɗawa da markaɗaɗɗen dankali. Na saya mana, na ce a ƙunshe. Ga kujeru nan jere suna kallon ruwa, tsofaffi mata suna zaune suna ci, tsuntsaye na shawagi a kansu. Muka wuce su. Ba mu yi shawara ba, ƙafafunmu ne suka san hanya. Muka zaga bayan wani gini inda ake ajiye kwandunan shara, muka juya wa duniya baya, muka fuskanci bango muna tura kifi da sauri.

A jikin bangon akwai ƙofar gilashi. Na ɗaga kai sai na gan mu a ciki. Mata biyu, uwa da 'ya, sun ƙetaro rabin duniya, ga ruwa da jirage da hasken rana a bayansu, su kuma sun maƙale kusa da shara suna cin halalinsu kamar ɓarayi. A nan na tuna ki.

Na tuna ki a gadon asibiti, lokacin da na baro nan na je jinyarki. Ɗaki ne mai gadaje da yawa, 'yan dubiya ba sa yankewa, ga surukanki maza suna shigowa gaisuwa. In na kawo miki kunu ko farfesu sai ki dubi ƙofa, ki kawar da kai ki ce, "Na ƙoshi." Kina jira mutane su ragu, mutane kuwa ba su raguwa. Likita ya yi magana, na yi magiya, na kare ki da zanena. Cokali biyu za ki yi, wani ya yi sallama, ki ture kwanon. Ban ce shi ya kashe ki ba, ajali ne, na sani. Amma da yunwa kika tafi, Inna, kuma wannan yana ci mini rai har yau.

Bayan rasuwarki muka zauna mu shida, 'ya'yanki, muka ce a dafa abincin da kika fi so a yi miki sadaka. Muka dubi juna. Babu wanda ya sani. Kin san na kowa, kin san Yaya ba ya son kuɓewa, kin san ni da ƙanzo, kin san yadda Baba yake son miyarsa. Mu kuwa ba mu taɓa ganin kin zauna kin ci ba. Sai ƙanwarki Iya Abu ce ta ce kwaɗon rama ne, da ƙuli mai yawa, kuma a bayan ƙofar madafi kike cinsa a tsaye in kowa ya fita. Shekara arba'in ina 'yarki, daga bakin wata na ji.

A bayan ginin nan na ce wa Mami ta kira Elin, ta gaya mata ran Juma'a muna zuwa, mu biyu. Ta zaro ido, ta ce ko na san irin wurin da suke zuwa? Na ce zan gani da idona.

Yanzu ga abin da matan rukuni suka fi so su ji. E, mashaya ce. Irin tasu ta can, wadda rabi gidan abinci ce, da teburan katako da iyalai har da jarirai a keke, amma ana sayar da giya, ban ce ba a sayarwa ba. Elin ta kama mana teburin jikin taga, mu takwas. Babu wanda ya sa aka kawo giya teburin, ban kuwa roƙe su ba, su suka ga ya dace. Ruwan tuffa aka sha. Shigata wurin na kai ta gaban Ubangijina, na nemi gafararsa, kuma tsakanina da shi ne.

Aka ajiye mini miyar kifi mai zafi da burodi. Na ji kamar duk titin ni yake kallo, na ji muryarki a kunnena tar. Na dubi wuyan hannun Mami a kan tebur. Sai na yi bisimilla da ƙarfi, yadda kowa zai ji, na kai cokali baki.

Ba abin da ya faru. Rufi bai faɗo ba, masu wucewa suka ci gaba da wucewa. Miyar ma ba laifi, sai dai salam take, kamar an yi wa mara lafiya. Na buɗe jaka na zaro yajina na barbaɗa. Elin ta tambaya mene ne, na miƙa mata, ya zaga tebur. Wani dogo mai jan gemu ya zuba da yawa, hawaye na zuba yana neman ƙari. Su kuma suka ce sai na ɗanɗana wani kifinsu da ake jiƙawa ɗanye a ruwan tsami. Na ɗanɗana, fuskata ta ba su amsa, aka fashe da dariya. Ni ma na yi, da abinci a bakina. Na ci kifi gasasshe da dankali, da wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami kamar zoɓon da ba a sa wa sukari ba. Da ƙaya ta dame ni na ajiye cokali mai yatsu na sa hannu.

Ban dubi Mami ba ko sau ɗaya, don na san in na dube ta za ta tsaya. Kunne na kasa. Can sai na ji ƙarar cokali a kwano daga gefena, a hankali, sannan ya ƙara, sannan na ji yana kankarar gindin kwanon. Na ga hannunta ya miƙa ya ɗauki burodi a kwandon da ke gaban Elin. Na tashi na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska, na dawo aka kawo burodi mai kirfa, na ci biyu.

Elin ce ta ɗauke ni hoto ina cikin ci, Mami ta ɗora a shafinta na waya don murna. Kafin jirgina ya sauka a nan har ya shiga rukuni. Maman Khalifa, wadda ita ce babbarmu a Cheras, ta rubuta cewa an je Turai an zubar da mutunci, wai mace da girmanta a mashaya, baki buɗe, kumatu cike. Wasu suka bi ta da salati. An cire ni daga masu karɓar baƙi a walimar da ke tafe, wai sai na yi bayani.

To ga bayanin. Da mashayar ce kaɗai damuwarku, da na sunkuyar da kai na ce kun yi gaskiya. Amma mamak ɗin ƙasan benenmu ko ƙamshin giya babu, mai wurin da tabon sallah a goshi, kuma a cikinmu babu wadda ta taɓa zama. Maman Khalifa, da girmanki nake faɗa, ke ma a mota kike cin naki, kin kwantar da kujera kin ɗaga gilashi, na sha gani. Kumatun nawa ne suka tsaya muku a rai. Ni kuwa 'yata na je cetowa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Walima ku karɓi baƙinku lafiya. A kan cin abincin nan ba zan ba kowa haƙuri ba.

Malam ya yi mini magana a kan wurin, na saurara, don yana da gaskiyarsa. Da ya gama sai ya buɗe hoton ya ƙara girmansa, ya daɗe yana kallo. Ya ce shekara ashirin da biyar muna tare, bai taɓa ganin na ci abinci ina dariya ba. Har yanzu hoton yana wayarsa, ya ƙi gogewa.

Mami ba ta dawo ba, Inna. Tana can tana karatunta. Shekaranjiya ta turo mini hoton babban teburin madafinsu, ta yi wa 'yan baranda dafa-duka, tana zaune a tsakiyarsu da faranti a gabanta. Ta ce in aiko da yaji, na wurinta ya ƙare, mai jan gemu ya cinye.

Ni ma da na dawo na sauka mamak. Mai wurin ya hango ni ya fara zaro leda, na ce ya mayar, a nan zan ci. Sai da ya tambaye ni sau biyu, sannan ya ce boleh, boleh, wato ba matsala, ya goge mini teburin da ya fi kusa da titi da kansa. Kowace Asabar ina nan da hantsi. Duk wadda ta gaji da cin abinci a mota, akwai kujera kusa da ni.

Kada ki ɗauka na raina tarbiyyarki. Kin ba ni sallah, kin ba ni riƙon amana, kin koya mini in tashi in babba ya shigo, duk suna nan na riƙe, na kuma ba Mami. Na san ke ma gadonta kika yi, kuma don ki kare mu daga bakin duniya kika yi. Wannan guda ɗayar ce na ajiye, don ta yi wa mai sunanki nauyi, ke ma ta yi miki, ba ki dai faɗa ba. Ina so ranar da na bi ki, in aka tambayi Mami abin da uwarta ta fi so, ta amsa ba tare da ta nemi wata ta gaya mata ba.

Juma'ar da ta wuce na samu ganyen rama a kantin Indiyawa. Na yi kwaɗo da ƙuli mai yawa, yadda Iya Abu ta kwatanta, na sauko da shi teburin da ke ƙarƙashin bishiya a harabar benenmu. Maƙwabtana Malay da Indiyawa suka zauna muka ci tare, na ce musu abincin mahaifiyata ne, su yi mata addu'a. Yana da daɗi, Inna. Kin iya zaɓe.

Allah ya jiƙan ki, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya yafe mini abin da na yi kuskure a ciki. Allah ya zaunar da ke a inuwar Aljanna, inda babu suruki mai sallama, babu bayan ƙofa. Ya kuma haɗa mu a can, in zauna a gabanki in zuba miki da hannuna, in kalle ki kina ci a zaune, a hankali, har ki ce kin ƙoshi, ya zama da gaske kike.

Taki har abada,
Rabi, uwar mai sunanki,
daga teburin bakin titi, Cheras.